Hadarin Baba Irimiya

Shekara talatin da ɗaya Irimiya Gaiya ya yi yana aikin odita a Minna, kuma ba a taɓa jin rasit ɗaya ya wuce ta gabansa bai sha koren biro ba. Aikin ke nan: a kawo masa littattafan kuɗin kamfani ko na ƙungiya, ya bi su layi-layi, ya nemo wa kowace lamba takardar da ta haife ta, in sun dace ya ɗiga kore a gefe. Rasit ɗin ruwan leda na naira ɗari biyu da na mota na miliyan biyu, kallo ɗaya yake musu. Masu shaguna ba sa murnar ganinsa, shi ma bai taɓa sa rai za su yi ba.

A kwatas ɗin reluwe aka haife shi. Mahaifinsa ya taso daga kudancin Kaduna ya kama aikin jirgin ƙasa, don haka Hausar Irimiya ta Minna ce, ba ya neman kalma, ba ya inda-inda. Abu ɗaya harshensa ya ƙi tun yana ƙarami, wato haruffan nan masu ƙugiya. Ƙasa a bakinsa kasa ce, ɗaki kuwa daki. Yana aji uku a firamare ya makara, malami ya tambaye shi dalili, ya ce sun yi baki a gida. Baƙi yake nufi, kowa ma ya sani, amma sai da aka gama zangon nan ana kiransa Mun-yi-baki. Mutum ya girma, ya yi furfura, ya aurar da 'ya'ya, abin yana nan maƙale a ransa. Shi ya sa duk maganar aiki da Turanci yake yin ta, inda babu harafin da zai tona masa asiri.

Marigayi Alhaji Garba ne ya ɗauke shi aiki, a wani ɗan ofis da ke saman shaguna a hanyar Bosso. Da Alhaji ya rasu, ɗansa Anwar ya dawo daga Legas ya hau kujerar. Anwar yaro ne mai ladabi. Baba yake kiran Irimiya, kuma yakan miƙe tsaye in ya shigo, sai dattijon ya zauna sannan ya ba shi umarni.

Farkon shekarar 2023 Anwar ya tara ma'aikatansa biyar ya shaida musu cewa ƙa'idar aikin ta canja a duniya baki ɗaya. Yanzu ba a fara bincike da rasit. Sai odita ya fara zama da masu sana'a, ya fahimci yadda take tafiya, ya duba irin kwamfutar da suke aiki da ita, ya gano inda haɗari yake, wato inda lambobi suka fi saurin yin ƙarya, ya jera su daga ƙarami zuwa babba, ya rubuta dalili. Inda haɗarin ya fi girma, nan za a zuba ƙarfi. Irimiya ya saurara har ƙarshe, ya fahimci cewa a taƙaice ana gaya masa rabin koren da ya ɗiga a rayuwarsa asarar tawada ce.

Da aka watse Anwar ya tsayar da shi. Ya ce a watan Yuni ƙungiyar akantoci za ta turo mai duba ingancin fayilolin ofis, kuma fayil ɗin masu kiwon kifi na wajen Tagwai yana hannun Baba.

“In ya wuce, Baba, muna tare. In bai wuce ba, ina ganin lokacin hutu ya yi.”

Hutun nan shi ne abin da Irimiya ya fi tsoro a duniya. Matarsa Sara ta rasu shekara biyu da suka wuce, 'ya'ya sun watse Abuja da Kaduna, gidansa na Tudun Fulani ya zama ɗakuna huɗu da mutum ɗaya. Ofis ne kaɗai wurin da ya rage inda in bai zo ba wani zai ɗaga waya ya tambaya ko lafiya.

Cikin watan Maris ya hau Keke Napep ya nufi Tagwai, rana tana dukan ƙasa, sama fes babu ko ɗigon gajimare. Shugabar ƙungiyar, Hajiya Azumi, ta shimfiɗa masa tabarma a gindin mangwaro, daura da ramukan da suke kiwon tarwaɗa. Sakataren da ke jin Turanci ya yi tafiya, Hajiya kuwa ba ta ji. Irimiya ya buɗe fom, ya dubi tambayar farko, ya juya ta a kansa. Da ya ce hatsari da an wuce wurin, sai dai wannan “ts” ɗin ma ba su taɓa shiri ba.

“Hajiya, wane hadari ne kun fi jin soro a wannan sana'a?”

Ta ɗaga kai ta dubi gabas.

“Na ƙarshen Agusta, Malam. Wanda ke haɗowa ta bayan duwatsun can.”

Nan take Irimiya ya gane abin da ya faru. Ya tambayi haɗari, bakinsa ya kai shi ga hadarin ruwan sama. Dattijo mai shekara sittin da ɗaya, da takardun shaida a jikin bango, ya koma ɗan aji uku a kan tabarma. Ya so ya gyara, amma gyaran yana nufin ya sake faɗin kalmar, kuma ya san yadda za ta fito. Sai ya sunkuyar da kai ya yi abin da hannunsa ya saba, ya shiga rubutu.

Ita kuwa Hajiya kamar jira take. Ta ce in ruwan nan ya sauko, ramuka kan cika su tumbatsa, tarwaɗa ta bi ruwa ta shige gonakin shinkafar maƙwabta. Sakatare yana rubuta 'ya'yan kifin da aka zuba, yana rubuta wanda aka sayar, amma kifin da ya gudu ba ya tsayawa karɓar rasit. Littafi zai ce dubu arba'in, rami kuma Allah kaɗai ya san abin da ke cikinsa, don ba a ƙirga kifi a ruwa. Ta kai shi ɗakin ajiyar abincin kifi ta nuna masa inda rufi ke yoyo, da buhunan da ke can ƙasa da kan yi fumfuna duk damina alhali a takarda sababbi ne. Ta faɗi shekarun da abin ya faru da ramukan da ya fi ci. Shafi shida ya cika. Ya tambayi inda kwamfutarsu take, aka nuna masa ita a lulluɓe da atamfa, an ɗora mata filas ɗin shayi.

Anwar ya karanta shafi biyu ya ɗago.

“Baba, wannan ai hasashen yanayi ne. Yaya ka yi mata tambayar?”

Irimiya ya maimaita. Anwar ya yi iya ƙoƙarinsa, ya cije leɓe, ya yi tarin ƙarya, amma dariyar ta fi ƙarfinsa. Da ya nutsu sai ya ce kada Baba ya damu, akwai wani jadawali da ya zo da shi daga Legas, layi arba'in, an riga an jera haɗura a ciki: masu kutse a kwamfuta, tashin dala, shugabanni su haɗa baki su murɗe lissafi. Sunan ƙungiya kawai za a canja a sama. Shafukan nan shida kuwa, in Baba ya ga dama ya bar su a bayan fayil.

A nan ya kamata a faɗi gaskiya: babu wanda ya ce ya cire su. Shi da kansa ya zare su, don bai iya jure tunanin wata baƙuwa ta karanta ta gane yadda aka yi aka same su ba. Ya ninke su ya tura cikin jakarsa. Ya cika jadawalin Legas tsaf, ya ba kutsen kwamfuta matsayin babban haɗari, ya bi rasit ɗin ƙungiyar ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ya saba, duka suka dace. Ya rufe fayil, ya sa kwanan wata, ya sa hannu.

Mai dubawar da aka turo a Yuni, Madam Elizabet, mace ce mai magana a hankali, irin wadda ba ta buɗe shafi na biyu sai ta gama da na farko. Ta yi awa biyu a kan fayil ɗin, sannan ta sa aka kira Irimiya da Anwar. Ta yaba tsabtar aikin rasit ɗin, ta ce ta daɗe ba ta ga irinsa ba. Daga nan ta ce jadawalin haɗarin zai yi wa banki, zai yi wa kamfanin siminti, kifi ne kawai babu a cikinsa. Kashi uku cikin huɗu na dukiyar mutanen nan yana iyo ne a ramin ƙasa, amma ta duba daga farko har ƙarshe ba ta ga kalmar ruwa ba. Ta tambaya ko akwai wani rubutu na zaman da aka yi da shugabar ƙungiyar.

Jakar tana jingine da ƙafar Irimiya. Anwar ya dube shi, ya dubi jakar, ya mayar da ido kan fanka. Amma an rufe fayil tun Afirilu, kuma shekara talatin da ɗaya Irimiya yana korar duk wanda ya zaro masa takarda daga aljihu bayan an rufe littafi. Ban da haka, in ya fito da su sai ya yi bayanin dalilin cire su. Gaskiya ce ta riƙe hannunsa ko kunya, shi kansa bai iya rabewa ba, kuma ina zaton kowacce ta riƙe ɗaya.

“Babu, Madam,” in ji shi.

Fayil bai wuce ba. Anwar bai ga amfanin ambaton inda jadawalin ya fito ba, Irimiya kuma bai tuna masa ba. Ƙarshen Yuli aka yi masa ɗan taron sallama da lemo da cincin, aka ba shi shadda yadi goma, Anwar ya yi jawabi mai daɗi a kan amana har muryarsa ta yi rawa. Da gaske yake, abin da ya fi ciwo ke nan.

Aikinsa na ƙarshe shi ne mayar wa masu kifi littattafansu. Babu wanda ya sa shi, shi ya roƙa. Ya tarar da maza suna jera buhunan yashi a gaɓar ramuka, an kuma sa sabon kwano a ɗakin ajiya. Hajiya Azumi ta ce tun ranar da ya zo ta ji abin da bakinta ya lissafa, ta tara 'yan ƙungiya ta ce bana ba za su zauna jira ba. Shekara goma sha ɗaya ana turo musu odita, in ji ta, shi ma ya zo sau huɗu, amma sai bana aka yi musu tambayar kirki.

Tunda ba shi da sauran abin da zai rasa, sai ya faɗa mata.

“Hajiya, ki yafe ni, ran nan kuskure ne. Ba hadarin sama na tambaya ba. Bakina ne ba ya iya fadin kalman.”

Ta dube shi kamar ya yi mata wani yare.

“Haba Malam. A garin nan aka haife ni. Da Gwarawa da Nufawa da mutanenku nake ciniki tun ina budurwa, kana tsammanin ban san bakinku ba? Haɗari ka tambaye ni, haɗari na gaya maka. Mu nan ai ba mu da wanda ya fi shi.”

Irimiya ya nemi gefen tabarma ya zauna. Ya mayar da ido kan masu jera buhuna. Hajiya ta zuba masa shayi, ta tura masa kofin gabansa, ta tambaya ko baɗi ma shi za a turo. Ya ce a'a, wani ne zai zo. Ta ce to Allah ya sa mai irin hankalinsa ne.

“Ka dai rubuta musu duk abin da na faɗa, ko?”

“Na rubuta, Hajiya.”

Bai yi ƙarya ba. Shafi shida ne, suna cikin jakar da ke kan cinyarsa.