Kalolaine da Haƙoran Sama

Kalolaine ɗiyar Manase Fifita, wadda kuke ce wa Anti Kalo, ba da mota da tabarau aka haife ta ba. A gonar inabi aka yaye ta, nan bayan garin Mildura. Uwarta na yankan inabi, ita tana kwance cikin kwando, an rufa mata zane saboda ƙuda. Tun tana 'yar shekara tara ita ke karanta wa duk layinmu takarda. Ta asibiti, ta kuɗin wuta, har wasiƙar da ke zuwa daga gida, can ƙasar Tonga, sai a ce a kira Kalo. Ladanta biskit biyu.

A duk zuri'arsu ita ta fara shiga jami'a. Karatun nas ta yi, da bashin gwamnati irin na kowa, wanda ba mai zuwa ya buga maka ƙofa a kansa. Sai ka kama aiki, albashinka ya yi kauri, sannan mai biyanka ya riƙa tsakurar kaɗan yana aikawa tun kuɗin bai iso hannunka ba. Ranar da ta gama, Manase ya ɗaura tabarmarsa ta zuwa coci a ƙugu, irin shigar girmamawa ta mutanen Tonga, ya je bikin. Amma ku duba hotunan, duk bakinsa a rufe yake gam. Haƙora sun ƙare, shekara talatin yana shan shayi da sukari cokali huɗu a gonar lemu. Daga ranar kuma bai ƙara kiran sunanta ba.

"Baba, nas ce fa ni."

"Na ji, Likita."

Bayan rasuwar uwar, gwiwa ta hana shi hawan tsanin tsinkar lemu, sai ya karɓe wankin gida. Shi bai iya karatu ba, don haka duk takardar da ya tarar a aljihu tsoron yar da ita yake, kada ta zama mai muhimmanci. Sai ya miƙe ta da tafin hannu ya sa a wani gwangwanin biskit. Kalo ta yi tsiya har ta gaji.

"Tsoho, shara kake wa ajiya?"

"Ba a ɗakinki take kwana ba."

To, a shekararta ta biyu a asibiti ta ƙara wani aiki, Asabar da Lahadi da yamma, a gidan kula da tsofaffi. Aka ba ta fom ta cike. A ciki akwai ɗan gidan da ake tambaya ko mutum na da bashin karatu. Ta tsaya da biro a baki. Ta ce a ranta, ai na riga na gaya wa asibiti, suna cirewa, in na gaya wa waɗannan ma sai a yanke ni sau biyu. Ta tsallake shi. Ita fa, mai karanta wa unguwa takarda!

Wata Lahadi bayan coci an gasa alade. Kalo ta hangi babanta ya ɗauki fatar nan mai ƙaras-ƙaras, ya tsotsa, ya tsotsa, ya waiga ko ana kallonsa, ya miƙa wa karensu a ƙarƙashin tebur. Nan take ta ce a gaban kowa, kafin ya cika saba'in a watan Satumba za ta sa masa haƙora, sama da ƙasa. Rabin kuɗin tana da shi a ajiye. Ɗaya rabin kuwa rarar haraji ce, wadda ake dawo wa ma'aikaci in shekarar haraji ta rufe a ƙarshen Yuni, kamar yadda aka dawo mata bara. Manase kuwa ya ɗauki labarin ya shiga gari. Kafin mako ya zagayo, har mai sayar da mai ya san maganar.

Yuli ya zo da sanyinsa, kowa na zancen rarar haraji, wasu ma sun cinye tasu tun ba ta iso ba. Da, wani mutum take biya a gari ya cike mata takardar harajin. Bana ta ce me zai sa ta ba ƙato dala ɗari biyu, ita da ta yi jami'a. Da safiyar Asabar ta zauna a teburin kicin da kwamfutarta, Manase na ninke kaya a gefe. Ta danna nan, ta danna can, sai ga lamba ta fito.

"Baba! Dubu ɗaya da ɗari huɗu!"

"Allah mun gode. Ka ji, kare? Cinka ya ƙare."

Sai Kalo ta sake duban lambar. Ta matso da fuska. Ta cire tabarau ta goge ta mayar.

"Likita, lafiya?"

"Ba su za su ba ni ba. Ni zan ba su."

Ranar Litinin ta kira ofishin haraji, ta yi ta jira har shayinta ya huce. Wata mata mai haƙuri ta warware mata. Albashin biyu ake haɗawa, a kan jimlar ake yanke abin da za a biya na bashin karatu. Asibiti sun cire daidai nasu, gidan tsofaffi ba su cire ko sisi ba, tunda ba wanda ya gaya musu. Sannan matar ta tambaye ta ko ta sa abin da ta kashe saboda aiki, irin su yunifom, takalmin aiki, kuɗin sabunta rajista, kuɗin ƙungiya. Kalo ta ce ita ba ta ajiye rasit.

Ta aje waya ta kifa kai a tebur. Ba kuɗin ne ke cin ta ba, yadda za ta kalli tsohon nan ne, ga coci kaf na jiran ganin haƙora. Tana nan sai ta ji ƙwal, an dire abu kusa da kunnenta. Gwangwanin biskit.

"Ga sharar taki."

Suka zazzage shi. Tikitin bas, takardar alewa, rasit ɗin takalmi har biyu, na yunifom, na wani kwas da ta biya da kanta ta manta. Manase na miƙo mata ɗaya bayan ɗaya kamar mai raba kati. Can ya ɗago wata 'yar takarda mai rubutun hannu.

"Wannan fa? Na ga lambobi."

Ta fizge. Lambar wayar wani direban motar asibiti ce, Semisi.

"Ita ma ofishin haraji za a kai?"

"Baba, don Allah ninke kayanka."

Da ta shigar da su duka, abin ya sauko ƙasa da rabi, aka kuma yarda ta riƙa biya kaɗan-kaɗan duk mako biyu. Ajiyarta ta tsira, amma ba ta wuce kuɗin jeri ɗaya ba. Ta durƙusa gabansa tana murza yatsu, ta ce sai dai ya zaɓa, sama ko ƙasa, ɗayan sai baɗi.

Ya yi tunani kaɗan. "Wanne ke fitowa a hoto?"

Ranar bikin saba'in ɗin nan, bakin Manase bai rufu ba tun safe. Ya gai da fasto da haƙora, ya gai da yara da haƙora, har wanda bai tanka masa ba ya washe masa. Fatar alade dai sai da aka jiƙa masa a romo, kare kuma ya samu rabonsa. Kalo kuwa tuni ta koma gidan tsofaffi ta nemi sabon fom, ta danna alama a ɗan gidan nan har biro ya huda takarda. Har yau duk sabuwar nas da ta zo hannunta, kafin ta nuna mata inda allura take, sai ta tambaye ta ko ta cike gidan bashi.

Da Yuli ya sake zagayowa rara ta fito, aka sa na ƙasa. An gwada su ne a bikin aurenta da Semisi ɗin nan, Kawunku. Manase ya ɗauki fata mafi girma a faranti, ya gartsa, aka ji ƙaras har teburin baya. Kare na zaune a ƙarƙashinsa yana kaɗa wutsiya, har aka kwashe kwanuka bai ga komai ba.