Ruwan da Batir Ya Sha

Kawuna mai cajin batir ne tun kafin a haife ni. Shagonsa ɗan tsukuku ne a ƙasan wani bene: benci ɗaya, batura a jere, taga ɗaya can sama. Ba shi da rigar da asid bai huda ba, shi ya sa matarsa take kiransa Rariya. Dariya kawai yake yi. Kawu bai iya fushi ba, kuma wannan ne abin da ya fi ƙona mini rai game da shi.

Kullum sai ya buɗe batura ya ƙara musu ruwa, yana cewa bai taɓa ganin mashaya irinsu ba. Da na shiga sakandare na zo masa da labari. Na ce ruwan nan ba ɓacewa yake yi ba. Wutar caji ce take raba shi gida biyu, haidirojin da oksijin, kuma da za a tara iskar a ɗora a sikeli, nauyin ruwan za a samu cif. Ita haidirojin ƙyas kawai take jira ta kama da wuta.

"Wato duk ruwan da nake zubawa yana nan a saman kaina?"

"In bai samu hanyar fita ba, yana nan, Kawu."

Bai yi mini musu ba. Daga ranar ko damina bai ƙara rufe tagar ba.

Sai mai benen ya ga fili a bayan shagon, ya manna wani shago, magina suka toshe tagar da bulo. Kawu ya sa rigarsa mai dama-dama, ya je ya durƙusa gaban mai benen.

"Ranka ya daɗe, ko bulo ɗaya a cire mini. Iskar batir tana taruwa."

"Wace iska? Nuna mini ita. In shagon ya yi maka kaɗan, ai ga hanya."

Ina zai je? Duk direbobin da suka san shi nan suka san shi. Ya ci gaba da aiki ƙofa a wangale, har ranar da ruwan sama ya riƙa feso masa kan wayoyi, ya janyo ƙofar ya rufe. Da la'asar sifanar kwance noti ta suɓuce masa, ta haɗa kawunan batir biyu. Har bakin titi aka ji ƙarar fashewar. Asid ya wanke masa fuska, ido biyu suka tafi.

Bayan an sallamo shi daga asibiti mai benen ya zo dubiya. Ya ce ƙaddara ce, ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya tambayi yaushe za a kwashe kayan, don akwai mai son shagon. Na buɗe baki, Kawu ya laluba ya riƙe mini hannu gam.

"Mun gode, ranka ya daɗe," in ji shi. Ya juyo da fuskarsa inda yake zaton nake. "Tashi ki raka baƙo."