Ramin da na huda a ƙofar Inna

Jama'a, ƙusa ɗaya na zo ɗaurawa Tsafe yau, na tarar ɗakin mahaifiyata na shirin ruftawa!

Ƙofar Inna ce ta saki. Maƙwabcina a Tudun Wada ya ara mini abin huda katako na hannu da sukundireba. Ya ce, "Malam, fara huda ƙaramin rami kafin ka murɗa ƙusar, kar katakon ya tsage." Na gwada a benci har hannuna ya faɗa, na hau mota daga Gusau ina jin kaina gwani.

Da isowata na ɗora abin hudar a jikin katakon da ke riƙe da ƙofar. Ban gama murzawa ba, ƙarfen ya shige zuruf! Sai gari ya fara zuba, yana ta zuba. Na danna da yatsa, yatsan ya nutse. Gara!

Innalillahi! Na taka turmi na taɓa azarar rufi. Ita ma hoto ce kawai, cikinta babu komai. Ta gefenta ma haka.

Na ce, "Inna, fito! Ɗakin nan zai faɗo miki!"

Ko motsi ba ta yi ba, tana ta tsince wake. Ta ce, "Na sani. Tun bara nike jin su suna ci."

"Kika yi shiru?"

"In na hwaɗa maka, Gusau za ka kai ni. Nan ubanka ya bar ni."

Na roƙa, na durƙusa, har na yi kuka. Ta ƙi.

Yanzu haka hadari ya haɗu ta gabas, ina tsaye a tsakar gida, ita kuwa tana ciki ta tayar da sallar la'asar.