Ranar da Aka Buɗe wa Anti Dulcie Ƙofar Gandu

Anti Dulcie ba ta taɓa shiga shagonmu a hankali ba. Tun ina yaro, zamanin babana ne a bayan kanta, sai dai ka ji ƙofa ta bugi bango, warin raƙumi ya riga ta shigowa, sannan muryarta ta biyo: "Ina ɗan mai shago? A ba ni ganyen shayi, ban da wanda kakanka ya taho da shi daga Labanan." Yau furfura ta cika mini kai, shagon ya dawo hannuna, amma har gobe ɗan mai shago nake a bakinta. Sunana Fu'ad, in wani ya damu ya sani. Ita dai ba ta damu ba.

Kakanta na wajen uba, Gulzar, daga Balucistan aka ɗauko shi a jirgin ruwa shi da raƙumansa, lokacin da Turawa suka gane dawakinsu ba za su iya da tsakiyar Ostireliya ba. Shi ya yi musu dakon waya da garin alkama da kwanon rufi har gandayen shanun da ke ƙarshen duniya. Da motoci suka zo aka ce a harbe raƙuman, sai ya kai nasa bayan gari, ya cire musu akala, ya juya musu baya yana kuka. Mahaifiyarta kuwa 'yar ƙasa ce ta asali, daga mutanen da ke nan tun kafin a san akwai wani abu wai shi jirgin ruwa.

Zamanin ƙuruciyarta motar gwamnati takan zagayo tana kwashe 'ya'yan 'yan ƙasa masu ɗan hasken fata, a kai su gidan mishan, da yawa ba a sake ganinsu ba. Ranar da motar ta shigo unguwarsu, babanta ya cusa ta cikin buhun kayan raƙumi ya zauna a gefe yana ɗinkin sirdi. Takan ce, "Ranar na yi shirun da aka rubuta mini duniya gaba ɗaya, shi ya sa babu saura." Kuma wallahi babu sauran.

Ta auri Stavros, Bagirke mai gyaran layin dogo, wanda ya rasu bai iya hawa raƙumi ba kuma bai daina alfahari da hakan ba. 'Yarsu ta auri Minh, bakanike ɗan Biyetnam. Ɗansu ya kawo Achol, nas 'yar Sudan ta Kudu, mai tsawon da sai ta sunkuya a ƙofar gidan. In ka je cin abinci ranar Kirsimeti za ka tarar da miyar kori mai yaji irin ta Gulzar, da zaitun, da shinkafar Minh, da wutsiyar kangaru gasasshiya a toka, da jikoki kala-kala suna faɗa a kan cokali ɗaya. Ita kuma Anti tana kiwon raƙumanta mata, taguwoyi, a bayan gari, tana ɗaukar baƙi yawo, tana zaginsu cikin fara'a suna dariya.

Abu ɗaya ne ya tsaya mata a wuya: idon ruwan da aka haifi uwarta a bakinsa. Yana cikin gandun shanun gidan Corrigan. A nan kakan baban Neville Corrigan, mai gandun na yanzu, da mutanensa suka buɗe wa dangin uwarta wuta a kan saniya ɗaya da aka soke. Waɗanda suka tsira suka zauna suna yi wa gandun bauta a kan gari da ganyen shayi, har ranar da baban Neville ya kore su ya sa wa ƙofar da ke kaiwa idon ruwan kwaɗo, Dulcie tana goye. Uwarta ta mutu tana kwatanta mata wurin. Ita kuma ta roƙi Neville ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, amsarsa ɗaya ce: "Ba ni na yi ba. In na buɗe yau, gobe lauyoyi ne a ƙofata." Ga shi kuma idonta ya fara tafiya. Likita ya ce abin ba mai dawowa ba ne, ta kuwa rantsar da ni da Achol kada kowa ya ji.

Sai fari ya zo, irin wanda ke sa tsofaffi su daina ba da labarin na da. Raƙuman daji, jikokin waɗanda Gulzar da ire-irensa suka saka, suka gangaro gandun Neville garke-garke. Suka tattake shinge, suka fasa kwamin ruwa, shanu suka fara faɗuwa. Neville ya kira maharba a jirgi mai saukar ungulu, mushe ya cika bakin ruwan, abin ya ƙara lalacewa. Ran nan sai ga shi a shagona, ya tsaya gaban gwangwanayen wake yana karanta su kamar jarida, don ya hango Anti zaune a kan buhun sukari.

Ta ce, "Neville, waken nan bai canza ba tun bara. Faɗi abin da ya kawo ka."

"Raƙumanki sun ishe ni."

"Nawa? Nawa suna gida suna cin ciyawa da ladabi. Waɗancan baƙin haure ne kamar ku, an kawo su a jirgi, sun ga wuri sun miƙe ƙafa."

Ya haɗiye wannan da ƙyar. "Za ki iya tattara su?"

"Zan iya. Ka daina harbinsu. Jibi da safe."

Yana fita na kusa tashi sama. Na ce, "Anti, yanzu fa wuƙa da nama suna hannunki. Ki ce sai ya buɗe ƙofar nan." Ta dube ni kamar na yi tusa a coci. Ta ce, "Ɗan mai shago, komai a wajenka ciniki ne. Ba a sayen hanyar gidan uwa. Raƙuman kakana zan je cetowa." Na ji haushi ƙwarai, har na ƙi kai mata kayanta mota.

Amma jibin ina cikin tawaga, wa zai bari a ba shi labari? Minh ya kawo babura, Neville ya fito da tsohuwar motarsa mai ƙarfen gaba, Achol ta riƙe akwatin magani tana yi mana kallon mahaukata. Dabarar ita ce Anti ta shiga gaba da taguwoyinta na gida, na dajin su ga 'yan uwa su biyo, mu kuma mu tare gefe da gefe har cikin garken ƙarfe. A baki abin da sauƙi. Ƙura ta tashi har ba ka ganin hannunka, ƙasa tana rawa, Minh yana zagi da yarensu, ni ina kiran sunan duk waliyyin da uwata ta koya mini. Babur ɗina ya kayar da ni cikin ƙaya, na tashi ina dariya kamar wawa, don ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba. Can gaba ga tsohuwa a kan taguwa, hula ta faɗi, gashi a tsaye, tana rera musu wani kira da ta gada daga babanta, garke guda yana bin ta tiryan-tiryan.

A bakin garken abin ya kusa zama makoki. Ta sauka za ta ja ƙyaure, wani amale, ƙaton raƙumi mai kumfa a baki, ya ɓalle daga gefen hagu ya nufo ta. Duk mun gan shi, ita kaɗai ce ba ta gan shi ba, tana ta laluben sakata. Neville ya taka mota ya shiga tsakaninsu. Amalen ya daki ƙofar motar har ta lotse, ya juya ya bi 'yan uwansa, Minh ya rufe.

Neville ya fito yana ɗingishi. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ɗaga hannu a gefen fuskarta na hagu. Ba ta ƙifta ba.

Ya ce, "Tun yaushe?"

"Ba ruwanka."

"Saura nawa?"

Achol ce ta ce, "Kaɗan, Malam Corrigan."

Ya juya ya shiga motarsa ta ɗaya ƙofar. Ya leƙo ya ce, "Ku kwaso yaran gobe. Duka." Anti ta ce da ni, "Rufe bakinka, ƙuda zai shiga."

Washegari motoci uku muka yi, jikoki har kan kaya, ana waƙa ana faɗa. A ƙofar da ke kaiwa idon ruwan muka tarar kwaɗon ya yi tsatsa, makulli ya ƙi juyawa, sai da Neville ya sa guduma ya fasa abinsa da hannunsa. Yara suka yi ta tafi, shi kuwa bai kalli kowa ba.

Tun kafin mu ƙarasa bakin ruwan Anti ta ce a tsaya. Ta sauka da ƙafa, ta ɗaga murya da harshen uwarta tana sanar da tsofaffin wurin cewa 'yar wance ce ta dawo, ba ita kaɗai ba. Muryar ta karye, ta gyara, ta ci gaba. Ni da ban ji kalma ɗaya ba sai da na share hawaye. Ta durƙusa ta taɓa ruwan, ta kurɓa. Sannan ta sa mu layi, don ba a kawo baƙo bakin ruwa ƙasa ba ta san warinsa ba. In layi ya zo kanka, sai ta shafo zufar hammatarta ta goga maka a kai da kafaɗa, ta guntsi ruwa ta fesa maka, ta faɗi sunanka. Jikoki suna ta ƙyalƙyala. Achol ta durƙusa don a kai ga kanta. Ni aka gabatar da ni a matsayin ɗan mai shago, har a gaban kakanni.

Neville yana can jikin mota, hula a hannu.

Ta ce, "Kai kuma wa kake jira?"

"Ni a nan aka haife ni, Dulcie."

"Na sani. Kakanka ya sha ruwan nan, babanka ya sha, ka sha, babu wanda ya yi sallama."

Ya sunkuyar da kai. "Kin san abin da muka yi a wurin nan."

"Su ma sun sani, a kansu aka yi. Ban ce na yafe ba, ba ni da ikon wannan. Cewa na yi ka zo su san wanda ya fasa kwaɗon."

Ya taho yana jan ƙafa, ƙaton mutum, ya rusuna. Ta shafa masa, ta fesa masa, ta faɗi sunansa da na ubansa ba ta rage komai ba. Kafaɗunsa suna rawa, muka yi kamar muna kallon yara.

Bayan nan ta zauna a kan dutse ta ƙura wa ruwan ido, ta daɗe. Ta ce, "Ina ganin ƙyallinsa. Tsallaken ne ba na gani. Uwata ta ce akwai farar bishiya mai rassa biyu, a ƙarƙashinta aka haife ta." Duk muka duba, bishiyoyi ne birjik, babu wanda ya san wacce ce.

Neville ya share fuska ya zauna kusa da ita. Ya ce, "Tana nan. Reshe ɗaya ya karye shekarar ambaliya, ɗayan yana nan. Ba ni hannunki, akwai hanya ta bayan duwatsu."