Farcen Inna a Jakar Malamar Asibiti

Assalamu alaikum, Edita. A lokacin da wannan abu ya faru ni tela ce a garin Rano, ina ɗinkin mata a cikin gidan mijina, kuma duk unguwa an san ni da cewa ba a yi mini wayo. Ina jin daɗin wannan suna kuwa. In mai tallar atamfa ta shigo, kafin ta gama kwance ƙulli na gaya mata wacce ce jabu. In maƙwabciya ta cika gaishe ni, sai in ce a raina akwai abin da take nema. Maigidana yakan tsokane ni ya ce ko ruwa aka miƙo mini sai na leƙa ƙasan kofin, ni kuma in ce masa ai shi ya sa har yau ban sha ƙasa ba. Wannan halin nawa shi ya ci ƙafar mahaifiyata, kuma tun daga lokacin ban sake jin daɗin a kira ni mai wayo ba.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tana zaune a Durba tare da ƙanina da matarsa tun bayan rasuwar Babanmu. Ni ce 'yar fari, ita kuma irin matan da ne masu tsananin alkunya. Ba ta kiran sunana, ba ta zama mu yi doguwar hira, in na tambaye ta jiki amsarta ɗaya ce, da sauƙi, ko da kuwa zazzaɓi na kaɗa ta. Da aka gano tana da ciwon suga a asibiti a Kibiya, matar ƙanina ce ta kira ni ta gaya mini. Ta ce an ja musu kunne sosai a kan ƙafafun Inna, wai ciwon yana kashe jin ƙafa, mutum ya taka ƙaya bai sani ba, kuma ƙaramin rauni yana iya kaiwa ga a yanke ƙafar. Na ce mata haka 'yan asibiti suke, in ba su tsorata mutum ba ba sa jin sun yi aiki.

Akwai wata malamar asibiti, nas ce babba mai ɗan jiki, da ta ɗauki Inna kamar uwarta. Lokaci-lokaci in ta tashi daga aiki sai ta hau babur ɗin haya ta zo har gida. Ranar da na fara ganin ta, na shigo da sallama na tarar da ita zaune a tabarma, ƙafar Inna a kan cinyarta, tana murza mata da man kaɗe a hankali, Inna kuwa tana ba ta labari har tana dariya. Wallahi tunda nake ban taɓa jin Inna ta yi irin wannan dariyar a gabana ba. Inna na ganina ta katse dariyar ta gyara mayafi. Gaskiyar magana kishi ne ya fara kama ni, amma a lokacin ban kira shi kishi ba, cewa na yi hankalina bai kwanta da matar ba.

Daga nan na sa mata ido, kuma duk abin da ta yi sai ya ƙara mini zargi. Ni dai na san nas da allura da tsawa, to wannan wace irin nas ce? Ta tarar Inna na shan rubutu, ba ta hana ba, cewa ta yi ta ci gaba, Allah Ya sa albarka, amma kada ta bar ƙwayoyinta. Ta ce a kawo mata duk wani jiƙo da Inna ke sha ta gani da idonta. Ta ce zogale a ci gaba da ci, wani sassaƙe kuma da aka sayo a kasuwar Kibiya ta ce a dakata da shi tunda ba a san abin da ke ciki ba. Tana tambayar Inna ko tana samun barci, wa ke zuwa hira wajenta, me ke damun ta tun rasuwar Baba. Har ta sa matar ƙanina ta daina hana Inna fita wajen awakinta, wai zaman ɗaki shi kansa ciwo ne. Ni kuwa sai na ce me ya haɗa malamar asibiti da sirrin gidan mutane? Ana cikin haka na ji cewa unguwarsu ɗaya a Kibiya da dangin matar baffanmu, kuma a lokacin muna rigima da baffan a kan gonar da Baba ya bari. Ai kuwa sai na ce shi ke nan, na gano bakin zaren.

Abin da ya ƙarasa ni ya faru wata ranar da na je da yamma. Na same ta tana yanke wa Inna farcen ƙafa da ɗan abin yanke farce, tana bi a hankali, tana buɗa tsakanin yatsu tana dubawa. Da ta gama sai na ga ta tattara farcen nan tas, ko ɗaya ba ta bari ba, ta ƙunshe a auduga, ta sa a leda, ta jefa a jakarta. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san abin da ake yi da farcen mutum da gashin kansa. Mu tun muna yara in an yanke mana farce Inna ke tona rami ta binne, ta ce kada a bar wa maƙiyi abin da zai riƙe. Ga shi yau farcenta ya shiga jakar baƙuwa a kan idona. Na ja matar ƙanina gefe na tambaye ta, ta ce ai kullum haka take yi. Kullum! Na ce mata amma ke dai an yi sakarya.

Ban bari malamar ta kai zaure ba na tare ta. Da na tambaye ta ina za ta kai farcen uwata, sai ta fara yin dariya, dariyar nan kuwa ta ƙara tunzura ni. Da ta ga da gaske nake sai ta nutsu, ta ce sun saba ne a wajen aiki, duk abin da ya fito daga jikin majiyyaci ba sa barin sa a ƙasa, tare da audugar da aka yi amfani da ita suke haɗawa a ƙona. Ta ciro ledar ta miƙo mini. Na ce na yau ke nan, na sauran ranakun fa, suna hannun wa? Na faɗa mata maganganu marasa daɗi, har na ambaci baffa da gona, na ce kada in sake ganin ƙafarta a gidan. Ba ta rama ba. Ta juya wajen matar ƙanina ta ce don Allah kullum da safe ta duba ƙafafun Inna har tsakanin yatsu, kada a sa musu reza, kada a bar ta ba takalmi, kuma ko da wasa kada a sa su a ruwan zafi. Inna tana ɗaki tana jin komai. Da yake ba za ta yi musu da 'yar fari a gaban mutane ba, juya fuskarta kawai ta yi wajen bango.

Ba a daɗe ba matar ƙanina ta gaya mini Inna na cewa tana jin kamar kiyashi na yawo a tafin ƙafarta. Ashe ta daɗe tana jin haka, ciwon ne, amma ni sai na ce to ga shi nan, aikin ya fara ci. Wata mai kawo mini ɗinki ta kwatanta mini wani mai magani a wajen Rurum, na shirya na je. Na zauna na zayyana masa komai, da farcen da jakar da baffa, shi kuma ya ɗauki labarina ya maido mini da shi, ya ce sammu ne aka yi ta ƙafa don a kwantar da tsohuwa. Abin da ke ba ni mamaki har yau, ni da ke zargin kowa, ban zargi mutumin nan ko na minti ɗaya ba, saboda abin da nake so in ji ya faɗa. Ya ba ni wasu sassaƙe ya ce a tafasa, a tsoma ƙafafun a ciki tun ruwan na da zafinsa, don zafin ne ke kore abin.

Da hannuna na tafasa, da hannuna na juye a baho. Matar ƙanina ta ce Yaya, malama fa ta hana ruwan zafi. Na ce mata dole ta hana mana, tunda ta san shi ne zai karya abin da ta ƙulla, in kuma ita ma an saye ta ne to ta gaya mini. Ta koma gefe tana hawaye. Na ɗan surka ruwan kaɗan, na kama ƙafar Inna ta dama na tsoma. Ni kaina da ruwan ya taɓa yatsuna sai da na janye hannu. Na tambayi Inna ko da zafi, ta ce babu. Na ɗauka dauriya ce irin tata, har na ji daɗi, ashe gaskiya ta faɗa mini, ba ta jin komai. Allah Ya taimaka ruwan ya huce kafin a zo kan ta hagu.

Washegari ƙafar ta yi bororo ta ɗuri ruwa. Na kira mai maganin, ya ce alhamdu lillahi, dafin ne ke fita, ya aiko da wani baƙin gari a riƙa barbaɗawa. Na koma Rano ina ganin na ceci uwata. In na kira waya a ba ta, ta ce da sauƙi. Ta samu safa ta sa, ta riƙa rufe ƙafar da zane, ba ta bari kowa ya gani, saboda ta san in aka gani ni za a zaga. Da ɗakin ya fara wari sai ta ce a riƙa sa mata turaren wuta. Matar ƙanina ce, wadda na kira sakarya, ta kasa daurewa, ta saci jiki ta tafi Kibiya ta nemo malamar. Da aka kira ni na zo, na tarar da malamar durƙushe ta cire safar. Abin da na gani ba zan iya kwatanta shi a takarda ba, yatsun sun yi baƙi, na fita waje na yi ta amai. Ta ce yau ɗin nan za a tafi Kano, ba gobe ba, kuma ta shiga motar tare da mu, ta riƙe kan Inna a kafaɗarta har muka isa. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, amma daga ƙarshe sai da aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

A barandar asibitin na durƙusa wa malamar ina kuka ina neman gafara. Ta ɗaga ni ta ce in bari, ita ma tana da nata laifin. Ta ce ita ma 'yar ƙasar nan ce, ta san abin da farce yake nufi a wajen mutanenmu, kamata ya yi tun ranar farko ta damƙa wa Inna abinta ta binne da kanta, kuma bai kamata ta yi dariya ba da na tambaya. Baffanmu kuwa ta ce ko a hanya ta gan shi ba za ta gane shi ba. Ta gaya mini murzawar nan da man kaɗe ba don fata kaɗai take yi ba, ta lura tsofaffi irin su Inna ba sa faɗin ciwo in an tsare su da tambaya, sai an zauna an taɓa su an yi hira sannan magana ke fitowa, a nan ne ma Inna ta gaya mata ƙafafunta sun daina ji. Daga nan ta tambaye ni wa zai riƙa duba ɗayar ƙafar. Na ce ni ce, kuma na kwashe keken ɗinkina na koma Durba na wani lokaci don in koya a wajenta.

Edita, abin da na koya shi ne ba a raba maganin gida da na asibiti gida biyu a ce wannan na kirki wancan na banza. Man kaɗe na gida ne, rubutu na gida ne, kuma malamar asibiti ce ta riƙe su ta yi wa Inna amfani da su. Ruwan da na tafasa shi ma na gida ne. Bambancin shi ne ita ta san jikin da take taɓawa, ni da mai maganina ba mu sani ba. Ina roƙon 'yan uwana, musamman masu jinyar tsofaffi masu ciwon suga, duk abin da za ku ba su ko ku shafa musu, ku fara nuna wa ma'aikatan lafiya, kada ku ɓoye. In kun ga nas ta yi abin da ya saɓa wa al'adarku, ku tambaya, kuma ku tsaya ku ji amsar, kada ku yi irin tawa tambayar da na riga na yanke hukunci kafin in buɗe baki. Ma'aikatan jinya kuma don Allah ku riƙa yi mana bayani, abin da kuka ɗauka ƙarami wani a wajenmu babba ne.

Inna tana nan da rai, tana jan jiki da sanda zuwa wajen awakinta. Ban taɓa jin ta ɗora mini laifi ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo. In 'yan dubiya suka tambaye ta yadda aka yi, sai ta ce ita ce ta yi gangancin tsoma ƙafarta a ruwan zafi ba da sanin kowa ba. Sau da yawa ina zaune a wurin take faɗin haka, kuma ba ta kallon inda nake.