Jaridar Kan Allo

Maigidana jarida yake sayarwa a bakin titin Samaru, ni kuma ina suyar ƙosai a gefen teburinsa. Kullum bayan sallar asuba yakan hau babur ya ɗauko jaridu a Sabon Gari. Yana da wata al'ada da ta daɗe tana ba ni haushi. Kowace jarida ta zo sai ya ware guda ya maƙala a jikin allo, wai ta masu karatun kyauta ce. Ɗalibai da direbobi da tsofaffin ma'aikata su yi cirko-cirko suna ta musu, ba sayen jarida, ba sayen ƙosai.

Akwai wata jarida da kowa ya san ta surukin ɗan majalisarmu ce. Ko tari ɗan majalisar ya yi, sai ka gan shi a shafin farko. Ranar da wata jaridar daban ta buga hoton asibitin da ya ce ya gina a Muciya, fili fetal sai awaki, yaransa suka fito da mota suna bin masu jarida, suna saye ta kaf su ƙone. Dama haka suka saba.

Da hantsi suka iso wajenmu. Maigida ya sayar musu da na kan tebur. Babbansu ya nuna allo.

"Baba, saura waccan."

"Waccan ba ta sayarwa ba ce, ta jama'a ce."

Na ce, "Baban yara, don Allah ka ba su! Takarda ce fa!"

Ko kallona bai yi ba.

Dutsen da maigida yake danne jaridu da shi mutumin ya ɗauka ya kwaɗa masa a fuska. Da kunnena na ji ƙarar. Ya faɗi, suka rufe shi da gora, suna tattaka shi kamar sun sami maciji. Masu karatun kyautar nan, matsoratan banza, kowa ya cika wandonsa da iska. Ni kuwa na suri kaskon mai na watsa musu. Ya sami ƙafar ɗaya, ya kurma ihu. Suka fizge jaridar suka faɗa mota.

A asibiti, can Shika, likita ya ce idon hagu ya tsiyaye, na daman ma sai addu'a.

Washegari wani abokin sana'arsa ya zo dubiya da jaridu a hammata. Maigida, fuska naɗe da bandeji, ya ce in karanta masa ta surukin. Can ciki na tsinci labarin: wai 'yan shaye-shaye sun yi faɗa a Samaru, wata mai ƙosai ta ƙona wani bawan Allah. Na ce ko ƙunshin ƙosai ba zan yi da wannan ƙazamar ba.

Ya lalubo hannuna ya riƙe. "Ki kai ta allo ki maƙala. Ita ma jama'a su karanta."

Na kai, ina kuka ina zagi, na maƙala ta daidai inda jininsa ya bushe. Idon daman bai dawo ba. Har yau ni nake karanta masa jaridu kowace safiya, har da ita.