Bargon Merle a Kan Rufin Mota

Tun da mijinta Merle ya rasu, Darlene Voss ta ƙi komawa zaman gida. Ta haura saba'in, amma ita kaɗai take kwana a motar da suka mayar ɗaki, duk hunturu tana hamadar Arizona cikin tsofaffi 'yan gudun sanyi. An san ta da taurin kai da kofi mai ɗacin tsiya. 'Yarta Renee kuwa ta riga ta kafa sharaɗi: aka sake samun matsala, a sayar da mota, Mama ta dawo wurinta.

Ana haka sai kwantirola ta ƙone, 'yar na'urar nan da ke karɓar wuta daga farantan sola ta zuba wa batir. Batir ya kama sauka, ga allurarta ta ciwon suga a cikin firij. In firij ya tsaya, dole ta kira Renee.

Maƙwabcinta Hollis ya sayo sabuwa. Kafin ya wuce gari wurin likitan haƙori, ya hau rufi ya lulluɓe farantan da tsohon bargon Merle, yadda aka saba don kada wuta ta ja mai aiki. Ya ce ta jira shi ya dawo ya haɗa mata.

"In jira ka? Kai da ko ƙwan fitila za ka canza sai ka ɗora tabarau biyu?"

Cika baki ne kawai take yi. Ta durƙusa, ta haɗa wayar batir tukuna, sannan ta sola, kamar yadda ta sha ganin Merle yana yi. Na'ura ta kawo haske, amma wutar rana sifiri. Ta kwance, ta sake ɗaurewa. Sifiri. Rana ta take, firij ya yi gum.

Tsoro ya kama ta sosai. Ta ɗauko wayarta har ta nemo sunan Renee, sai idonta ya faɗa kan gefen bargo yana reto ta taga. Ashe farantan suna nan a lulluɓe. Kunya ta rufe ta, sannan wani tsoron ya biyo baya, don tsanin hawa rufin ba ta taɓa taka shi ba. Aikin Merle ne.

Ta hau dai, gwiwoyi na ƙara, ba ta yarda ta dubi ƙasa ba. Ta janye bargon ta rungume. Can a ƙarƙashinta ta ji firij ya soma gurnani.

Wayar ta yi ƙara a aljihunta. Renee ce.

"Mama, lafiya? Na ji kina haki."

"Lafiya lau, 'yar nan. Shanya nake kwashewa."

Ta kashe, ta leƙa tsanin, ta ga sauka ba tata ba ce. Sai ta yafa bargon a ka, ta zauna jiran Hollis.